Shawara: Manhajar kyauta ta jawo min zargi a shagon kawuna

"Assalamu alaikum Yaya, dan Allah ka ɓoye sunana. Shekarata 22, ina aiki a shagon kawuna na buga takardu da fotokwafi, ƙanin Ummana ne kuma shi ya riƙe ni tun ina sakandare. Watan da ya wuce yace in sauko masa da karatun tafsiri daga YouTube ya riƙa ji a mota. Wani abokina mai gyaran waya ya bani sunan wata manhaja ta kyauta yace ita kowa ke amfani da ita. Na rubuta sunan a Google na danna na farko da ya fito, da nazo sakawa kwamfutar ta nuna gargaɗi, na kira shi yace in kashe antibairos ɗin na minti biyar, wai gargaɗin ƙarya ne. Na kashe, nayi ta danna Next har ta gama, kuma tayi aiki na sauke karatun.

Bayan kwana biyu tallace-tallace suka fara fitowa ta ko'ina, Chrome ya canza, kwamfutar tayi nauyi. Ranar Laraba wata Hajiya maƙwabciyarmu tazo da 'yarta buga takardar makaranta, kawu na tsaye a bayana, kawai sai hoton mace tsirara ya fito a gefen allo. Bai ce komai ba sai da suka tafi, yace ashe abin da nake kallo kenan in ya tafi masallaci. Wallahi Yaya ban taɓa ba. Sati guda kenan da ƙyar yake amsa gaisuwata, ya karɓe makullin shago. Ban gaya masa na kashe antibairos ba. Abokina ya nace manhajar lafiya lau take, talla ce kawai. Kwamfutar kuma cike take da takardun mutane, NIN, fasfo, sakamakon jarabawa, imel ɗin shago ma a buɗe yake. Manhajar nan hatsari ce ko talla ce kawai? In yi fomat a ɓoye? Yaya zan gane mai kyau nan gaba, kuma yaya zan wanke kaina wajen kawu?"

Wa alaikumus salam ƙanina. Na karanta saƙonka sau biyu, kuma wajen da kace da ƙyar yake amsa gaisuwarka nan ne ya fi tsaya min a rai, domin nasan yadda yake mutum ya kwana gida ɗaya da wanda ya riƙe shi alhali ana masa kallon abin da bai aikata ba. Bari in fara da wannan tunda shi ne ke hana ka bacci: na yarda da kai, kuma ba don in faranta maka rai na faɗa ba, yadda abin yake aiki ne ya sa na yarda. Irin tallar da ka gani ba ta buƙatar mutum ya taɓa buɗe shafin batsa a rayuwarsa. Manhajar cusa talla, wadda ake kira adware, duk wanda ya biya ta shi take tallata wa, kuma manyan kamfanoni masu mutunci ba sa kai tallarsu can da saninsu, to su wa suka rage? Masu caca, masu maganin ƙarfin maza, masu hotunan banza, da masu ƙaryar cewa kwamfutarka ta kamu da bairos ka danna nan a gyara maka. Da limamin unguwarku ne ya saka wannan manhajar a kwamfutarsa, hoton nan zai iya fito masa. Ka riƙe wannan, za mu dawo kansa wajen maganar kawu.

Amma fa akwai naka kason, kuma gara ka ji shi daga wajena yanzu. Kwamfutar ta yi maka gargaɗi ka rufe mata baki. Wannan shi ne kuskuren, kuma shi ne wanda ka ɓoye.

Ruwa baya tsami banza. Wanda ya zauna ya rubuta manhaja, ya biya kuɗin shafi, ya ba miliyoyin mutane kyauta, dole akwai inda yake maida kuɗinsa. Wasu ƙungiyoyin sa-kai ne da ke rayuwa da gudummawa, kamar masu manhajar kallon bidiyo ta VLC a Faransa ko masu manhajar rubuta takardu ta LibreOffice, waɗannan kyautarsu kyauta ce ta gaskiya. Wasu suna baka ƙarama kyauta ne don ka sayi babbar. Kashi na uku kuma, wanda da alama a hannunsu ka faɗa, kai ɗin ne hajarsu: ana biyansu a kan kowace kwamfuta da suka samu suka cusa wa manhajar wani. A shekarar 2016 masu bincike na Google tare da na Jami'ar New York sun bi diddigin wannan kasuwa, suka ga ana biyan har dala 1.50 a kan kwamfuta ɗaya, kuma gargaɗin da Google ke nuna wa mutane a kan irin waɗannan manhajoji ya kai miliyan 60 a sati, ninki uku na wanda yake nunawa a kan bairos na gaske. Kaga kenan wannan Next Next ɗin da kayi ta dannawa, a tsakiyarsu akwai allo ɗaya ko biyu da aka riga aka saka maka alamar amincewa, kai kana ganin sharuɗɗan manhajar ne kake karɓa alhali wata baƙuwa ce daban kake buɗe wa ƙofa. Da gangan ake tsara shi haka, madannin amincewa ƙato mai launi, na ƙin amincewa ɗan ƙarami fari-fari a kusurwa kamar baya aiki.

Kuma kada ka ɗauka kai kaɗai ne ko don baka waye ba. A ƙarshen 2011 an kama shafin Download.com, wanda a lokacin duk duniya can ake zuwa sauke manhajoji, yana naɗe manhajar Nmap da tarkacensa ba da izinin mai ita ba. A 2015 wani shafin irinsa mai suna SourceForge ya yi wa manhajar GIMP haka, har sai da shafin ya canza hannu a 2016 sababbin masu shi suka daina. A shekarar 2015 ɗin dai mutane suka riƙa ƙorafin cewa manhajar sauke fayil ta uTorrent ta zo musu da wata manhaja mai suna Epic Scale da ke amfani da ƙarfin kwamfutarsu wajen haƙar kuɗin kirifto. Manhajar Java kanta shekara da shekaru tana zuwa da Ask Toolbar, wani layin madannai (tulba) da ke manne wa a saman burauza. Na taɓa zama gaban kwamfutar wani shago kusa da wata makaranta, burauzar ta tara layukan tulba har biyar a sama, wajen da ya rage na karatu bai fi tafin hannu biyu ba, mai shagon kuma yana ce min ai tsufa tayi zai sayar ya sayi wata. Ba tsufa bane, mun share awa ɗaya da rabi muna cire kaya ta dawo garau.

Yanzu abokinka. Bana jin ya nufe ka da sharri, abin da ya sani ya baka, kuma akwai ɗan ƙamshin gaskiya a maganarsa: yawancin irin waɗannan manhajoji ba sa goge fayil ba sa kulle kwamfuta, shi ya sa su kansu masu antibairos ba sa kiransu bairos kai tsaye, suna saka musu suna PUA ko PUP, ma'ana manhajar da wataƙila baka so. Gaskiya ne kuma wani lokaci antibairos yana kuskure. Inda ya kauce shi ne kalmar nan "kawai". Kafin manhaja ta iya cusa talla cikin shafin da kake karantawa sai ta samu damar ganin shafin, wanda ya iya ganin shafi kuwa yana iya ganin abin da kake rubutawa a ciki. Misalin da ya fi fito da wannan fili shi ne na Lenovo, a farkon 2015 aka gano wasu laftof ɗinsu sababbi fil a kwali sun zo da wata manhajar talla mai suna Superfish, ita ma niyyarta talla ce kawai, amma don ta samu damar saka tallar sai ta karya kariyar da ke tsakanin burauza da shafuka masu tsaro har da na banki, ta yadda ɗan damfarar da ke kan wayfay ɗaya da kai zai iya shiga tsakani. Maganar sai da ta kai gaban hukumar kare masu sayayya ta Amurka, a 2017 kamfanin ya yarda ya biya jihohi dala miliyan 3.5. To in wannan ya faru da babban kamfani mai suna da adireshi, ina ga manhajar da ba ka san ko waye mai ita ba. Sannan "kowa na amfani da ita" ba shaida bace, kowa ɗin nan wayoyinsu na cinye data suna zafi basu san dalili ba. Shi a wayarsa yake gwadawa, in ta lalace tasa ce. Kai a kwamfutar da ke ɗauke da amanar mutane ka saka.

Abin da ya fi damuna ma a labarinka ba sunan manhajar bane, inda ka samo ta ne. Kace ka danna na farko da ya fito a Google. Sau da yawa na farkon nan talla ce da wani ya biya aka ɗora shi a sama, da ɗan rubutu Sponsored a kansa, kuma 'yan damfara suna sayen wannan gurbin su buɗe shafi mai kama da na asali sak, harafi ɗaya ne ya bambanta. Hukumar FBI ta Amurka sai da ta fitar da gargaɗi a kan wannan a Disamban 2022. Saboda haka abu biyu ne a gabanmu. Ko dai manhajar ta asali ka samu da tarkacen tallarta, wannan da sauƙi, ko kuma ta jabu ce wadda aka ɓoye mata ɓarawon faswod a ciki, irin wanda ke kwashe duk abin da aka ajiye a Chrome cikin daƙiƙu ya aika waje. Irin waɗannan ba tatsuniya bane, a watan Mayun 2025 Microsoft ta ce ta gano kwamfuta sama da 394,000 da guda ɗaya mai suna Lumma ya kama cikin wata biyu kacal, kuma manhajojin jabu da na kirak, wato na kuɗi da aka fasa ake rabawa kyauta, suna cikin manyan hanyoyin da irinsu ke bi. Tunda an kashe mai gadi a lokacin da ta shiga, shawarata ka ɗauki mafi munin biyun kayi aiki da shi, in ta zo da sauƙi alhamdulillah baka yi asarar komai ba sai ɗan lokaci.

Maganar fomat a ɓoye kuwa, a'a ƙanina, kada ka yi. Ka tsaya ka kalli abin da idon kawu. Ya ga hoton banza a kwamfutarsa, yana zargin yaronsa, washegari yazo ya tarar an goge komai fes. Me zai ce? Zai ce ka share sawu. Ka ɗauki shaidar da ita kaɗai za ta wanke ka ka jefa a rijiya da hannunka, ga kuma takardun mutane da za su iya salwanta, ka ƙara laifi a kan laifi. Kwamfutar nan yadda take yanzu da dattinta ita ce mai yi maka shaida.

Shi ma kawu ina so ka yi masa adalci a zuciyarka. Mutum ne da aka kunyata a shagonsa gaban matar maƙwabcinsa da 'yarta budurwa, a unguwar da in magana ta fita ba ta dawowa, kuma yaron da 'yar uwarsa ta damƙa masa amana ne zaune kan kujerar. Shirun da ya yi har suka tafi ma sutura ce ya yi maka, wani a take zai zazzage ka. Ya yi saurin yanke hukunci, gaskiya ne, kuma mun san Alƙur'ani ya ce sashen zato zunubi ne, amma ba kai ne zaka karanta masa wannan ayar ba, ba hurumin ɗa bane. Mafi yawan mutanen shekarunsa sun tafi a kan cewa kwamfuta abin da aka saba kallo take nunawa, kuma ba su yi ƙarya gaba ɗaya ba tunda haka Facebook da YouTube suke yi, don haka a hankalinsa lissafin ya fita daidai. Fushin nan nasa rabi tsoro ne, tsoron ko tarbiyyar da ya yi ta zube.

Ga yadda zan yi in ni ne. Ka same shi lokacin da hankalinsa ke kwance, bayan isha'i ko da safe kafin a buɗe shago, ba gaban mutane ba, ka durƙusa ka gaishe shi ka fara da laifinka kafin ka zo kan wanke kai. Kace Kawu akwai abin da ban faɗa maka ba, ranar da kace in sauko maka da tafsiri na saka wata manhaja, kwamfutar ta hana ni na kashe tsaronta na saka da ƙarfi, daga nan wannan masifar ta shigo, nayi kuskure ka yafe min, amma abin da kake zato wallahi ban yi ba kuma ina roƙon ka bani minti goma in nuna maka. Ka kula da yadda zaka ambaci tafsirin, kada ya fito kamar kana cewa ai kai ka jawo. Mutumin da ya fara da tona kansa an fi saurin yarda da sauran maganarsa. In ya yarda ku zauna gaban kwamfutar, ka buɗe Control Panel wajen jerin manhajoji ka jera su bisa kwanan wata, zai ga da idonsa ranar da ka saka waccan akwai wasu biyu ko uku masu baƙin suna da suka shigo rana ɗaya, kuma ranar ta yi daidai da ranar da aka sauke karatun. Ka buɗe masa tarihin burauza ya duba da kansa. Sannan ku bar kwamfutar a kunne da intanet na ɗan lokaci ba wanda ya taɓa ta, ya ga talla na fitowa da kanta. Gani ya kori ji.

In kuma ya ƙi saurararka, kada ka matsa kada kuma kayi zuciya ka daina zuwa shago. Ka nemi wanda yake jin nauyinsa ya shiga tsakani, amininsa ko wani babba a dangi, ko ma wani mai gyaran kwamfuta dattijo da shi kawun ya yarda da shi, ba abokin nan naka ba. Bakin wani na waje wani lokaci yafi naka tasiri ko da magana ɗaya kuka faɗa. Umma kuwa ni da zaka bi tawa kada ka fara kai mata, sai in abin ya ƙi, domin in ta shigo da zafi maganar zata koma tsakanin ya da ƙani ta fi ƙarfinka. Hajiya maƙwabciya ma kada kaje da kanka kana mata bayani, abin zai ƙara nauyi, in kawu ya gamsu shi ya san yadda zai gyara ta wajen maigidanta ko ta wajen matarsa cikin kalma biyu.

Kafin ma ku zauna, yau ɗin nan, a daina shiga imel ko banki ko wani shafin rijista a wannan kwamfutar, in da hali a cire ta daga intanet. Ka ɗauki waya mai tsabta ka canza faswod ɗin imel ɗin shago da duk wani akawun da aka taɓa shiga a kanta, ku kunna tabbatarwa mai mataki biyu, wato bayan faswod sai an ƙara da lambar da ke zuwa a waya, ku fitar da duk na'urorin da ke ciki daga saitin akawun ɗin. Wannan da kawu za ku yi tunda nasa ne, kuma dalili ne ma mai kyau na buɗe maganar da wuri. In akwai kwastoman da ya shiga imel ɗinsa ko akawun ɗinsa a kwamfutar cikin watan nan, haƙƙinsa ne a gaya masa ya canza faswod, ba sai an yi dogon bayani ba. Nasan wannan da nauyi a baki, amma ka ɗauka kai ne NIN ɗinka da fasfo ɗinka suke can. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ma ta ɗora wa mai riƙe bayanan mutane nauyin tsare su, ko da ba doka kuwa amana ce.

Bayan ya gani sai wanki. Ku kwashe takardun mutane a filash ko hard disk na waje, takardu da hotuna kawai, banda duk wani fayil na saka manhaja. Ka cire manhajar da duk waɗanda suka shigo tare da ita, ka lura wajen cirewa ma wasu suna sake tayin wani abu, ka karanta kafin ka danna. Ka shiga Extensions na Chrome, wato ƙananan manhajojin da ke maƙale a burauzar, ka cire duk wanda baka sani ba, sannan ka shiga saitin Notifications, nan ne nake zargin hoton nan ya fito tunda kace a gefen allo ne: shafukan saukewa suna cewa danna Allow kafin dawunlod ya fara, da ka danna ka basu izinin turo maka saƙo kai tsaye ko shafin na rufe. Ka goge duk sunan da ke jerin, kayi Reset na burauzar. Ka maida Windows Security a kunne, ka shiga App and browser control ka tabbata toshe manhajojin da ba a so yana kunne, kayi cikakken sikanin, sannan kayi wanda ake kira Offline scan da ke sake kunna kwamfutar ya bincika kafin Windows ta tashi. Ka ƙara da AdwCleaner na kamfanin Malwarebytes, kyauta ne kuma don wannan aikin aka yi shi, amma daga shafin kamfanin kansa. In binciken ya nuna Adware ko PUA kawai kuma tallar ta tsaya kwana biyu uku, to an rabu lafiya. In ka ga kalma irin Trojan ko Stealer, ko Chrome yana rubuta cewa wata ƙungiya ce ke sarrafa shi alhali ba haka, ko talla ta dawo bayan an kashe an kunna, to a nan ne fomat ya zama dole, amma da sanin kawu da izininsa. In Windows 7 ce a kai ko 10, ku sani Microsoft ta daina tura wa ta 7 gyaran tsaro tun Janairun 2020, ta 10 kuma wa'adinta na yau da kullum ya ƙare 14 ga Oktoban 2025, wannan ma magana ce da ya kamata ku yi.

Sai tambayarka ta yadda zaka gane nan gaba. Ni tambayar farko da nake wa kowace manhaja ita ce waye mai ita kuma da me yake ci. In na kasa samun sunan kamfani ko ƙungiya, ko na kasa gane inda kuɗinsu ke fitowa, na riga na fara ja da baya. Sannan bana ɗauka sai daga gidan mai ita ko Microsoft Store, in ban san adireshin ba nakan duba shafinta na Wikipedia in bi daga can, bana danna mai Sponsored, kuma shafin da ke da koren madannin Download guda uku huɗu ina ganinsa nake fita. Ka duba girman fayil ɗin ma, in manhaja babba ce amma abin da ya sauko bai kai mega biyu ba kuma sunansa ya ƙare da installer ko downloader, sau da yawa ɗan aike ne da zai je ya kwaso maka kaya. Kafin ka buɗe, ka ɗora shi a VirusTotal, shafi ne na Google da ke gwada fayil da antibairos kusan 70 a lokaci ɗaya kyauta. In ɗaya ko biyu marasa suna ne suka yi ƙorafi yana iya zama kuskure, in goma ne ko sama kuma manyan na ciki, ka goge kawai. Ka karanta sunan da suka ba shi, in ka ga InstallCore ko OpenCandy ko Bundler to mai ɗauke da talla ne. Amma fayil ɗin manhaja kawai ake ɗorawa can, kada ka kuskura ka ɗora takardar kwastoma domin abin da aka ɗora masu bincike na iya ganinsa. Lokacin da Windows ta tambaye ka izini ka karanta sunan mai manhajar a akwatin, in ta ce Unknown ko sunan wani kamfani ne daban da wanda kake tsammani, ka danna No. Wajen sakawa ka zaɓi Custom ko Advanced maimakon Express, ka karanta kowane allo, duk inda ka ga Decline ko Skip a kan abin da ba shi ka zo nema ba ka danna shi ba abin da zai lalace. Duk manhajar da aka ce sai ka kashe antibairos kafin ta shiga kuwa, ko waye ya faɗa, ta faɗi jarabawa tun a nan.

Duk da haka ba zan ce maka waɗannan sun rufe kowace ƙofa ba. A 2017 manhajar CCleaner, daga shafinta na asali da sa hannun kamfaninta, ta zo da guba bayan an yi wa kamfanin kutse, mutum sama da miliyan 2 suka sauke. Shi ya sa a kwamfutar sana'a ƙarancin manhaja shi ne kwanciyar hankali, abin da ake buƙata na aiki kawai. Ka ba kawu shawara a buɗe akawun biyu a kwamfutar, na Administrator faswod ɗinsa na hannunsa, na aikin yau da kullum kuma Standard wanda ba ya iya saka yawancin manhajoji sai an kira shi. Kai ka kawo wannan da bakinka, zai gane cewa ba makulli kake nema ba gyara kake nema. Ku kuma saba goge takardun mutane bayan an gama musu aiki, ba dalilin da zai sa fasfo ɗin wani ya shekara a Desktop. Karatun tafsiri kuma yawancin malamai ɗalibansu na raba sautin kai tsaye a Telegram da WhatsApp, a waya zaka sauke ka tura masa a filash, bai ma buƙatar wata manhaja, ya fi sauƙin data kuma a mota sauti dama yake so ba bidiyo ba.

Abokinka kada ka yi faɗa da shi. In an gama ka nuna masa hoton abin da sikanin ya kamo, ka ce masa dan Allah ya daina cewa mutane su kashe antibairos, domin wayoyin mutane na wucewa ta hannunsa kullum kuma maganarsa ana ɗauka.

Makullin shago wataƙila ba zai dawo hannunka a ranar ba ko da ya gamsu, manya ba sa saurin janye fushi a fili, zaka dai ga alama, ya fara aikenka ko ya kira sunanka yadda ya saba. Ka ci gaba da zuwa da wuri kana gaishe shi kamar kullum. Ka same shi yau ku fara da canza faswod ɗin nan, sauran maganar ku yi ta gobe da safe, in kun yi sikanin ka turo min sunayen da ya fito da su in duba maka ko fomat ya kama ko bai kama ba. Allah Ya daidaita tsakaninku, Ya wanke ka.